Jawabi Ga Masu Tsohon Ciki Da Iyalansu: Wanne Ne Nauyin Ciki, Wanne Ne Ciwo?

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku magidanta da kuka bar rumfunanku kuka zo, ina yi muku barka da zuwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikina awon ciki, kuma matan da nake dubawa wasu daga wajen Jibiya suke zuwa, wasu daga wajen Maraɗi. Maganata ta yau a kan watanni ukun ƙarshe ce, wato daga mako na 28 har zuwa haihuwa.

A wannan lokaci jariri ya yi girma, mahaifa tana danne tumbi da mafitsara da jijiyoyin jini. Shi ya sa ake fama da ciwon baya da ƙugu, da ƙwannafi, da yawan fitsari, da taurin bayan gida, da ɗan kumburin ƙafa idan yamma ta yi. Waɗannan nauyin ciki ne, kuma ana iya rage su. 'Yar uwa, idan kina wuni zaune gaban kayan sana'arki, ki riƙa tashi kina takawa, in kin zauna ki ɗora ƙafafunki bisa 'yar kujera. Ki bar wa wasu ɗaukar buhu da jarkar ruwa. Ki ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki rage yaji da soye-soye da dare, ki yawaita ruwa da zogale da wake. In za ki yi barci ki kwanta ta gefe, kada ki yi rigingine.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu dauriya. Su ne ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannaye, da zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, da jijjiga, da zubar jini komai ƙanƙantarsa, da fashewar faya kafin naƙuda, da zazzaɓi, da haki ko kina zaune, da raguwar motsin jariri. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu, ta nufi asibiti a take, dare ne ko rana, ko da kasuwa tana tsakiyar ci.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah mai sayar da daddawa, wadda ta kwana uku da ciwon kai, fuskarta ta kumbura, aka ce mata ai ƙibar ciki ce. Da muka auna, jininta ya wuce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. Muka tura ta babban asibiti a ranar, Allah Ya sauke ta lafiya. Da ta ƙara jinkiri, da jijjiga ce za ta biyo baya, wadda kan tafi da uwa da ɗa. Hawan jini yakan ɓoye, ma'auni ne kawai ke tona shi.

Saboda haka awo wajibi ne. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas aƙalla, kuma mafi yawansu a watannin ƙarshe suke. A can ake ba da ƙwayar ƙarin jini ta kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ake sha wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. A kwana cikin gidan sauro. A guji maganin 'yan talla, domin wasu magungunan ciwon jiki, irin su ibuprofen da diclofenac, suna cutar da jariri a tsohon ciki. Jiƙe-jiƙen kawo naƙuda ma a bar su.

Ke mai tsallaka iyaka, katin awonki ya zama yana cikin jakarki kullum. Ko da Turanci aka rubuta shi ko da Faransanci, ungozoma za ta karanta lambobin da ke ciki ta san halin da kike.

Magidanta, gare ku nake komawa. Da yawanku kuna tafiya cin kasuwa ku kwana biyu ko uku. Kafin ku fita, ku ba iyalinku izinin zuwa asibiti ba tare da jiran dawowarku ba, ku ajiye kuɗin mota, ku yi magana da direban da zai amsa kira cikin dare, ku san wanda zai ba da jini in an buƙata. Ku kuma iyaye da surukai, mai cikin fari kunya takan hana ta faɗin abin da ke damunta, don haka ku tambaye ta da kanku. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a haifa. Wassalamu alaikum.