Ranar da Ake Yi wa Yunwa Ihu

 

An ce in yi magana a kan bukukuwa masu ban mamaki da ake yi a farkon kaka. Wasu ɗalibai sun kawo mini labarin garin Bunyol na ƙasar Sifen, inda ake jifan juna da tumatir a Larabar ƙarshe ta Agusta. Wani ya tuna mini Gerewol na Fulani Woɗaaɓe a Nijar, inda samari ke cin ado a watan Satumba, 'yan mata su zaɓa. Duk na ji. Amma daga nan unguwarmu ta Nima zuwa Ga Mashie, unguwar mutanen Ga, kuɗin motar trotro ɗaya ne, kuma can ake yin bikin da ya fi waɗannan ban mamaki. Mutanen Ga, waɗanda iyayenmu ke ce wa Ankarawa, suna ware rana guda a shekara su yi wa yunwa ihu. Ma'anar sunan bikin, Homowo, ke nan a harshensu.

Abin da suke faɗa shi ne, kakanninsu sun sha wata muguwar yunwa saboda rashin ruwan sama. Da Allah ya kawo sauƙi aka yi girbi mai albarka, sai suka fito suna yi wa yunwar tsiya kamar yadda ake yi wa ɓarawon da aka kora. Bikin yakan faɗo a Agusta, ya taɓo Satumba a wasu garuruwan, daidai lokacin da masara ta nuna, teku kuma ta cika jiragen masunta da kifi. Ba rana ɗaya garuruwan ke yi ba. Nungua ce kan fara, Ga Mashie ta yi ranar Asabar, su Osu, La da Teshie su biyo baya ranar Talata.

Mu a Zango abin da muka fi sani daga cikinsa shi ne dokar hana kiɗa da hayaniya. Tun wajen watan Mayu, idan manyan masu tsafinsu, wato wulomei, suka shuka gero, sai a hana ganga da lasifika wata guda. Dokar takan shafi coci da masallaci da gidan biki, an kuma sha yin rigima a kanta. Da yawanmu daga wannan ƙorafin iliminmu ya tsaya.

Ni kuwa ina da shekara goma sha ɗaya wata maƙwabciyarmu 'yar Ga, mai sayar da kifi banda, ta roƙi mahaifiyata ta tafi da ni gidansu. Ranar Alhamis na ga mutanen ƙauye suna shigowa gari da masara da barkono da itace a ka, ana tarbarsu da sowa. Soobii ake ce musu, mutanen Alhamis. Ranar Juma'a ta tagwaye ce. Aka shafa musu farar ƙasa, aka sa musu fararen kaya, aka ba su doya da ƙwai. Da la'asar wasu suka ɗauki tasoshi cike da ruwa da ganye suka nufi bakin teku, suna tangaɗi kamar masu bori, jama'a na biye. Na riƙe zanen matar nan gam don tsoro. Sai ta sunkuyo ta nuna mini wani yaro ta ce sunansa Tawia, domin shi ke bi wa tagwayen. Na ce ai mu ma muna da shi, Gambo muke cewa. Ta yi dariya har da hawaye.

Asabar da asuba mata suka turara garin masara, suka murje shi da manja har ya yi ja, suka haɗa da miyar kwakwa da kifi. Kpokpoi ke nan, kuma duk wanda ya san dambu zai gane shi. Sarki da masu gida sukan bi lungu suna watsa shi a ƙasa da bakin ƙofofi domin magabatansu. A Teshie da La akwai waƙoƙin kpa, inda ake fallasa wanda ya yi abin kunya a shekarar, ko da mai sarauta ne, ba kuwa mai kai ƙara. Wanda ya taɓa ganin tashe da azumi ya san irin wannan dama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Lahadi. Tun da sassafe ake bin gidajen dangi da surukai ana gaisuwar Ngowala, ana yi wa juna addu'ar ganin baɗi. Wa da ƙanen da suka shekara ba sa ga-maciji, ranar ake zaunar da su. Mu da muke cewa zumunci a ƙafa yake, ya kamata mu gane wannan tun kafin a fassara mana.

Malamai suna zaune, don haka bari in faɗa a fili. Zuba giya a ƙasa da ciyar da matattu ba namu ba ne, ba na kuma kiran kowa gare su. Hukuncin cin abincin ranar na bar wa masu shi. Abin da nake nema shi ne sani. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a ƙasar Ga. Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu. Shekaru sun ja tun lokacin. Su sun karɓi kokonmu da ƙosai, har suna kiransa kokon Hausa, sun karɓi wake da shinkafa sun mai da sunan waakye. Mu kuwa yaronmu yakan gama sakandare bai san dalilin da ya sa aka rufe hanya a James Town ta Ga Mashie lokacin Homowo ba. Wannan gazawa ce, kuma tamu ce.

Akwai ta biyu da ta fi ciwo. Kakanninmu ma suna da nasu bikin kaka. A ƙasar Hausa, idan hatsi ya shiga rumbu, samari da 'yan mata kan yi kalankuwa, mahauta su bi gari gari suna dambe, Maguzawa su yi shan kabewa. Da na tambayi ɗaliban da suka kawo mini labarin tumatirin Sifen, ba wanda ya taɓa jin kalmar kalankuwa. Ga Bukom can, unguwar da ta fitar da ɗan dambe Azumah Nelson, tana alfahari da dambenta, mu namu ya zama sai a waya.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu na Nima da Maamobi: a Agusta mai zuwa ku gayyaci dattijo ɗaya daga Ga Mashie ya yi wa yara bayanin Homowo da bakinsa. Ku kuma ɗalibai, kowa ya je wurin tsohuwar gidansu da waya a hannu, ya tambaye ta abin da ake yi a garinsu idan an gama girbi, ya naɗa, ya kawo mana tun tana da rai.