Yaro da Kwanonsa: Jawabi ga Malaman Reshenmu



A azuzuwanmu na Wagini da ƙauyukan kewaye muna da yaron da ke ɓoye loma a aljihu, da yarinyar da ke taunar alli ko farar ƙasa, da wadda ba ta iya cin abinci in ana kallonta. Gida da makaranta sun riga sun raɗa musu suna: makwaɗaici, mai tsirfa, mai baƙin hali. Sai a rufe zance da cewa hali zanen dutse ne, gado suka yi.

Gado yana da hannu, babu musu. Binciken tagwaye a Turai da Amurka ya nuna cewa ciwon ƙin cin abinci, wanda likitoci ke kira anoreksiya, kusan rabin haɗarinsa a jini yake, kuma ya fi kama masu yawan fargaba da masu son komai ya fita ba kuskure. Amma rabi ba duka ba ne.

A 1944, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya fara gwaji da maza 36 lafiyayyu, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Suka koma masu saurin fushi da gudun mutane, hirarsu da mafarkinsu duk abinci. Da aka sakar musu kwano, wasu suka yi ta ci ba ƙoshi. Yunwa ce ta sauya halinsu, alhali su manya ne kuma da yardarsu suka shiga. To, ina ga yaron da 'yan bindiga suka raba iyayensa da gona, yana zaman alfarma a gidan dangi cikin Batsari ko Katsina, yana jiran ragowar tuwo?

Bakin manya ma yana da nasa rabon. Gorin rama da ake yi wa budurwa a tsakar gida shi ke tura ta ga ƙwayoyin ƙiba na 'yan talla. Taunar ƙasa kuwa sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Asibiti take nema, ba bulala ba.

Saboda haka mu daina kunyata yaro kan abinci a gaban tsararsa. Mu tambaye shi a keɓe abin da ya ci jiya da dare da inda ya kwana. Mu sami iyaye cikin mutunci, mu kai batun taron iyaye da malamai, wanda ya rame ko ya ɗashe mu sa a kai shi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya wadata rumbunanmu.