JAWABIN TARON BAYAN GIRBI: IDON SAMA DA IDON MANOMI



Kun tambaye mu yadda mutanen Yamai suke sanin halin gonakinmu tun kafin mu yi girbi. To, ga bayanin.

Bayan babban farin 1973, ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai cikin 1974, don lura da ruwan sama da amfanin gona. Cikin kayan aikinta har da hotunan tauraron ɗan adam. Wani tauraron yana auna sanyin saman hadari, da shi ake kintatar ruwan da ya zuba. Wani kuma ganye yake duba: ɗanyen ganye yana mai da wani haske wanda idonmu ba ya gani, busasshe kuwa kaɗan yake mai da shi. Kowane kwana 10 sai a gwama da na shekarun baya, a ga inda shuka ta makara ko ta ƙone. Wanda ake ce wa Sentinel-2, da Turai ta fara harbawa a 2015, yana iya rarrabe filin da bai wuce mita 10 ba.

Wannan ido ya taɓa ba mu shaida. Da aka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro na wajen 2005, sai aka ga manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta kamar miliyan 5, ta hanyar sassaben zamani. Gawon da kuka bari cikin gona, daga sama ma an ƙirga shi.

Amma ku ji inda ya gaza. Kore yake gani, ba tsaba ba. Gona ta cika da ciyawa, ya ce ta yi kyau. Tsutsa ta cinye zangarniya, kara yana tsaye shar, shi bai sani ba. In hadari ya rufe sama cikin Agusta, mai duban ganyen ba ya ganin ƙasa. Ga shi damina ta rikice: ta yi tsaiko bayan shuka, ko ta zuba gaba ɗaya, kamar 2024 da ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Garin da hoto ya nuna kore alhali rumbu wayam, ana iya tsallake shi ranar rabon taimako.

Saboda haka muna roƙon abu uku.

Na ɗaya, in malamin gona ya zo, a faɗa masa adadin damman gaskiya. Kada a rage don kwaɗayin taimako, kada a ƙara don kunya.

Na biyu, mu sa yaro mai karatu ya riƙa rubuta ranar kowane ruwa, da ranar shuka, da ranar da aka fara ganin tsutsa ko fara.

Na uku naku ne, ƴan ci-rani. In labari ya nuna shekara ta gaza, ku aiko da kuɗi tun kaka, bankin cimaka ya sayi hatsi yana da araha. Wanda ya ga 1984 da 2005 ya san kuɗin tiya cikin watan Yuli.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.