Kifin Gulbinmu da Kifin Ƙanƙara: Jawabi a Bikin Zagayowar Shekarar Ƙungiya

Shugabarmu Hajiya, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Boɗinga da Shagari, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana.

Mu 'yan tiren kifi, maganarmu ɗaya ce yau. Titus da shawa da muke soyawa ba a ruwanmu aka kama su ba. Manyan jirage ke kwaso su a teku, daga ƙasashe irin su Norwe da Holan, a sauke a Legas, motar ƙanƙara ta kawo Sakkwato. Da dala ake sayo su. Shi ya sa tun 2023, da aka cire tallafin fetur kuma naira ta faɗi, kwali ya fi ƙarfin jarinmu.

Sai masu saye suka waiwayo tarwaɗa da gargaza da bandar gida. To, ina kifin? Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, aka zo aka yi na Goronyo, ambaliyar da ke cika fadama, inda kifi ke zuba ƙwai, ta ragu. Ga masu su da gidan sauro, ga masu zuba guba a ruwa. Uwa da ɗiya duk a kwando ɗaya. Wanda ya ci iri, me zai shuka baɗi?

Kada mu ɗora wa masunta laifin duka. Ba za su kamo ƙananan kifi ba in ba mai saye, kuma mu ne masu sayen. Don haka ga shawara uku.

Na ɗaya, mu daina karɓar kifin da bai kai ba, ko a dam ɗin Shagari ko a kasuwa, mu kuma sanar da sarkin ruwa matsayinmu.

Na biyu, mu ware wani kaso na adashe mu gina murhun banda na haɗin gwiwa, mai cin itace kaɗan. Banda mai kyau ba ta jiran wutar lantarki.

Na uku, mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci mu riƙa rubuta saye da sayarwa, don kada dillali ya yanka mana farashi yadda ya ga dama.

Dala ba a hannunmu take ba, amma tirenmu yana hannunmu. Allah ya albarkaci ruwanmu da kasuwarmu, ya kai mu baɗi lafiya.