Riƙon Yara, Dabara da Kyautata wa Mai Saye: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Sabo

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu masu sayar da wake ya gabatar a wajen taron shekara na ƙungiya a Sabon Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu masu gidaje, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da samarinmu da ke tsaye can baya, assalamu alaikum warahmatullah.

Da aka ce ni zan yi magana a kan yadda za mu gyara kasuwancinmu, na so in kauce, domin ni ba malami ba ne. Karatuna na Islamiyya ne, sauran kuwa a bakin buhu na koya. Amma shugaba ya ce ai abin da ake so ke nan. To, in na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure ku gafarce ni.

Abin da ya sa na yarda shi ne wata magana da na ji daga bakin wata mata mai sayen kaya a Bodija. Cewa ta yi, a da in Bahaushe ya ce maka buhu ya cika, ba ka kwancewa, yanzu kuwa sai ka zazzage shi har ƙasa. Jama'a, wannan magana ta hana ni barci. Mu nan ba mu da gona, ba mu da rijiyar mai. Jarinmu a garin nan shi ne a yarda da mu. Ranar da yarda ta ƙare, to zamanmu ya zama zaman banza.

Bari mu tuna yadda aka kafa wannan wuri. An keɓe Sabo a shekarar 1916, kuma shanu da goro ne suka raya ta. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan maigida su kai shanun kasuwa, mahauci ya ɗauka bashi, sai ya yanka ya sayar sannan ya biya. Wa ya tsaya a tsakani? Maigida. Shi ne mai lamuni. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don kada baƙonsa ya koma gida yana kuka. Dukiya mai yawan gaske ta riƙa wucewa ta hannun mutanen da ba su da banki ba su da lauya, sai magana ɗaya. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a nan Sabo yana nazarin abin, ya buga littafi a kai a 1969.

To, wannan shi ne shugabanci a kasuwa, wato ka ɗauki asarar na ƙasa da kai kafin ka ci ribarsa. Haka madugu yake a zamanin fataucin Gwanja. Shi ya san zango, shi ya san mashaya, shi ke shiga gaba ya daidaita da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Ba a kiransa uban tafiya don ya fi kowa jakai, sai don in abu ya ɓaci wurinsa ake dubawa.

Yanzu bari in ba ku labarin kaina, ko da yake ba mai daɗi ba ne. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai tuyar ƙosai, ta yi shekara 11 tana sayen wake a wurina, buhu biyu duk mako. Wata rana sai ta daina zuwa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta aiko ba. Kafin wata ya ƙare, wasu mata huɗu da take zuwa da su, su ma na daina ganinsu. Na bi sawu har gidanta. Bayan mun gaisa sai ta sa aka jawo buhuna, aka kwance a gabana. Sama wake mai kyau, tsakiya kuwa tsohon wake ne da ƙwari suka gama hudawa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na dawo da niyyar korar yaron shagona. Na tambaye shi me ya sa ya yi haka. Sai ya ce, "Alhaji, ai kai ka ce duk waken da ya lalace a sito daga kuɗina za ka cire." Jikina ya yi sanyi. Ashe ni na koya masa ha'inci da bakina. Na ɗora masa asarar da ba zai iya ɗauka ba, shi kuma ya sauke ta a kan mai saye. Washegari na ɗauki buhu cikakke na kai wa matar nan da kaina, na ba ta haƙuri. Ita ta dawo, amma cikin matan huɗu, biyu har yau ban sake ganinsu ba. Yaron kuwa ban kore shi ba. Na yanka masa kaso cikin riba, daga baya na sallame shi da jari, yanzu yana da rumfarsa.

Saboda haka masu gidaje, ina roƙonku abu uku game da yaranmu. Ku yanka wa yaro haƙƙinsa tun ranar farko, a gaban shaidu, a faɗi shekarar da za a sallame shi. Kada ku zage shi a gaban mai saye, domin wanda aka wulakanta da safe ba zai yi wa kowa fara'a da rana ba. Sannan ku nuna masa littafin ciniki, ya san nawa aka sayo, nawa aka biya mota da 'yan dako, nawa ya rage. Yaron da aka ɓoye wa lissafi, shi ma wata rana zai ɓoye nasa.

Magana ta biyu ita ce dabara. Wasunmu in ka kawo sabon abu sai su ce ba haka muka gada ba. To, wa muka gada? Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tashi ya tarar ana ɗauko goro daga Gwanja a kan jakai, tafiyar watanni. Yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana ta yanzu zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya shiga gyaɗa da ƙarfinsa. Bai ce ubansa bai yi ba. Ashe canza hanya ma gado ne.

Mu ma Allah ya nuna mana a 2023, bayan an canza fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya. Wanda yake da asusun banki da na'urar POS ya ci gaba da ciniki. Wanda ya ce shi sai ya ga kuɗi a hannu, tumaturinsa da tattasansa a gabansa suka ruɓe. Amma dabara tana tafiya da lura. Kada ka saki kaya don an nuna maka waya an ce an tura. Duba naka asusun ka ga kuɗi sun shiga tukuna.

Ga kuma batun ajiyar wake, wanda ya shafe ni kai tsaye. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi, shi muke auna wa maƙwabtanmu, shi 'ya'yanmu suke ci. Alhali kuwa akwai buhun nan mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sosai ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki sai su mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi buhun da muka saba tsada, amma in leda ba ta huje ba za ka sake amfani da shi. Tun da na koma kansa, ni da kaina nake ce wa mai saye ta ɗebo ta sansana.

Ƙananan dabaru ma suna da amfani. Matan da ke aikin ofis ba su da lokacin tsince wake. Na sa ana tsincewa ana ƙullawa kongo ɗaya ɗaya a leda, na ƙara ɗan abu a kai, kuma shi ke fara ƙarewa. Wannan shawara ba tawa ba ce, wani yarona ne ya kawo ta. Da na ce masa yi mini shiru, da na yi asara.

Magana ta uku, mai saye. Malamanmu suna nan, sun fi ni sani. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mun kuma karanta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba. Ashe abin da ya faru a shagona an riga an yi mana kashedi a kansa tuntuni. Kongon da ka saya da shi, sayar da shi. Aibin kaya, faɗe shi kafin a gani. Bashi kuwa, ko na ɗan'uwanka ne, rubuta.

Sannan shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutanen garin nan suna girmama gaisuwa ƙwarai. Ka shekara 20 a Ibadan amma ba ka iya ce wa tsohuwa "e kaabo Mama" ba, wannan ba kishin harshe ba ne, sakaci ne. In an taya maka kaya da arha, ka ce albarka cikin murmushi, ba sai ka yi tsaki ba. Wanda ya taya yau bai saya ba, gobe shi ne zai dawo. Kuma kada mu yar da gyara. Su kansu masu garin sun ari kalmar daga bakinmu, suna cewa jara. Ɗan dintsin da ka ƙara, shi ne igiyar da ke jawo mutum ya wuce rumfa goma ya zo taka.

Kada wani ya ɗauka maganar riba kaɗai nake yi. Duk mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Daga cacar baki a kan kayan da suka zube a gaban shago, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, mutane suka kwana a waje da iyalansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kada ya maimaita mana. A baƙon wuri, kalma ɗaya da yaronka ya faɗa ba a rubuta ta da sunansa, da sunan Hausawa duka ake rubuta ta. Haka nan alherin da ka yi, ranar tsanani mai sayenka ne zai buɗe maka ƙofar gidansa.

A ƙarshe ina kawo wa ƙungiya shawara biyu. A naɗa dattawa uku da duk mai saye zai iya kai musu ƙara in ɗanmu ya cuce shi, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Ibo, su bi masa haƙƙinsa kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Na biyu, duk yaron da za a ɗauka a shago, a rubuta sharaɗinsa a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Ni zan fara kawo na yarana ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare mu da cin haram, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.