Bindiga a Jami'o'in Teksas: Abin da Doka ta Ce da Abin da Aka Watsa

An ba ni magana a kan labarin da ke fitowa daga nesa, da yadda yake lalacewa a hanya kafin ya iso kunnenmu. Na zaɓi misali guda ɗaya tak, watau dokar da jahar Teksas ta ƙasar Amurka ta kafa a shekarar 2015 game da ɗaukar bindiga a ɓoye cikin jami'o'i, domin da wuya a samu labarin doka da aka murɗa kamar wannan, kuma a cikinku akwai masu ƴaƴa a makarantun can, akwai masu niyyar tura nasu.

Mu nan, in aka haɗa kalmar bindiga da kalmar jami'a, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. Bindigar hukuma ke nan. A Teksas kuwa bindigar da ake gardama a kanta tana cikin aljihun wanda ke zaune kusa da kai a aji. Saboda haka sai mu ajiye namu ma'auni tukuna, mu dubi nasu.

Abin da ya bazu duniya a taƙaice shi ne wai Amurka ta ba ɗalibai izinin shiga aji da bindiga. Tun daga kalmar farko an kauce. Amurka jahohi 50 ce, kowace da majalisarta da dokarta a kan makamai, kuma wannan doka ta Teksas ce ita kaɗai. Ba ita ce ta fara ba ma: jahar Yuta ta riga ta tun 2004, kotun ƙolinta ta tabbatar da haka a 2006, kotun ƙolin Kolorado ta yanke irin wannan hukunci a 2012. Abin da ya hura wutar maganar a ƙasar baki ɗaya shi ne kisan mutum 32 da wani ɗalibi ya yi a jami'ar fasaha ta Bajiniya ranar 16 ga Afrilu 2007. Daga nan wasu suka ce da akwai mai bindiga a ajin da an tsayar da shi, wasu suka ce ƙarin bindiga ƙarin gawa ne.

Majalisar Teksas shekara biyu-biyu take zama, kwana 140 kowane zama. An kawo wannan ƙuduri a 2009 ya faɗi, aka kawo shi a 2011 ya faɗi, aka sake a 2013 ya faɗi. A 2011 fiye da rabin ƴan ƙaramar majalisa sun sa hannu a kansa tun kafin muhawara, har manyan kafofin labarai suka riƙa ba da shi kamar an gama. Zaman ya ƙare bai zama doka ba. Ku ma'aikatan gwamnati ba sai an gaya muku tazarar da ke tsakanin ƙudurin da aka ajiye gaban majalisa, da wanda aka kaɗa wa ƙuri'a, da wanda aka sa wa hannu, da ranar da zai fara aiki ba. Matakai huɗu ne, ɗan jarida mai gaggawa yakan dunƙule su ya kira su "an kafa doka". Sai a watan Yuni 2015 gwamna Greg Abbott ya sa hannu, dokar ta fara aiki a manyan jami'o'in gwamnati ranar 1 ga Agusta 2016, a ƙananan kwalejoji masu karatun shekara biyu kuma sai 1 ga Agusta 2017.

Tun da na ambaci kwaleji, bari in ja kunnen masu fassara. Labarin waje yakan zo mana ta Faransanci, kuma a tsarinmu kwaleji makarantar yaran da suka gama firamare ce. A Amurka kwaleji karatun bayan sakandare ne, na manya. Wanda ya ɗauko kalmar yadda take ya zuba wa mai sauraro a Maradi ko Tawa, ya sa masa hoton yaro ɗan shekara goma sha uku da bindiga cikin jakar littattafai, alhali dokar ba ta shafi makarantun yara ba ko kaɗan.

To, mene ne dokar ta sāke a zahiri? Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne yawancin rahotanni suka yi tsalle suka wuce. Tun 1995, zamanin da George Bush ƙarami yake gwamnan jahar, Teksas take ba da takardar izinin ɗaukar ƙaramar bindiga, irin ta hannu, a ɓoye cikin tufafi. Tsohuwar dokar ta hana mai wannan takarda shiga wuraren makaranta da makaminsa, amma da ta zo fassara abin da take nufi da wuri sai ta ce gini ko wani sashe na gini, ta cire titi da hanyar ƙafa da wurin ajiye motoci. Ke nan wajen shekara ashirin mai takardar izini yana iya yawo cikin harabar jami'a da bindigarsa, bai karya doka ba, muddin bai taka dokin ƙofa ba. Abin da dokar 2015 ta yi shi ne ta buɗe masa ƙofar ginin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da a cikin gini ake karatu, a cikinsa malami ke kayar da ɗalibi a jarrabawa. Amma wanda ya rubuta cewa a karo na farko bindiga za ta shiga jami'a bai karanta tsohuwar doka ba, wanda kuma ya ce ba abin da ya sāke bai karanta sabuwar ba.

Sa'an nan su wa ake nufi da ɗalibai? Lokacin da dokar ta fara aiki, ba a ba da takardar izinin sai ga wanda ya cika shekara 21, in ban da soja ko tsohon soja. Sai an ɗauki zanen yatsunsa, an bincika ko yana da laifi a kansa, ya zauna darasi na awa huɗu zuwa shida, ya ci gwajin harbi. Yawancin masu karatun digiri na farko ba su kai wannan shekaru ba. Jami'ar Teksas ta birnin Ostin, mai ɗalibai wajen 50,000, ta ƙiyasta cewa waɗanda ke da takardar a cikinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuma izinin bai tsaya ga ɗalibi ba: malami, da ma'aikaci, da baƙon da ya shigo daga gari, duk wanda ke da takarda ya samu. Ni a ganina darasin awa huɗu bai isa ya sa a amince wa mutum da makami cikin ɗakin da ke cike da jama'a ba. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma tana da ƙarfi ba tare da an ƙara mata gishiri ba.

Wani ruɗanin ya fito daga hotuna. A wannan zama na 2015 majalisar ta kafa wata doka dabam, wadda ta yarda mai takarda ya rataya ƙaramar bindigarsa a fili, ta fara aiki 1 ga Janairu 2016. Dokoki biyu, gwamna ɗaya, shekara ɗaya, sai aka cakuɗa su. Labarin jami'a ya riƙa fitowa da hoton mutum da bindiga a ƙugu, wani lokaci har da doguwa a kafaɗa. Gaskiyar magana, a jami'a bayyana bindigar da gangan laifi ne ko ga mai takarda, doguwar bindiga kuwa dokar ba ta buɗe mata ƙofa ba sam. Mu da kalmar bindiga ta haɗe mana kowace iri, daga ta mafarauci har ta soja, dole mai fassara ya ƙara kalma ɗaya ya ce ƙarama.

Ranar 1 ga Agusta 2016 ta zo daidai da cika shekara 50 da wani mai suna Charles Whitman ya hau hasumiyar jami'ar Ostin a 1966, ya kashe mutum fiye da goma, ya jikkata fiye da talatin. Kowane ɓangare ya ja wannan tarihi wajensa. Masu goyon baya suka tuna cewa farar hula sun mayar masa da wuta daga ƙasa, kuma haka ne, sai dai da dogayen bindigogin farauta suka yi, ba da ƙaramar aljihu ba.

Kada ku ɗauka masu ƙin dokar ne kaɗai suka yi sakaci da gaskiya. Ranar 1 ga Oktoba 2015 wani ya kashe mutum 9 a kwalejin Umpqua ta jahar Oregon. Nan take ƴan siyasa da masu sharhi suka ce ga sakamakon wurin da aka hana bindiga. Amma dokar Oregon ta wancan lokaci ta bar wa masu takardar izini dama, har wani ɗalibi tsohon soja ya gaya wa gidan talabijin cewa yana ɗauke da tasa a ranar, bai fita ba, don tsoron kada ƴan sanda su ɗauke shi shi ne maharin. A ɗaya hannun, a Oktoba 2017 wani ɗalibi ya harbe ɗan sandan jami'ar fasaha ta Teksas da ke Lubbock. Shekararsa 19, bai ma kai shekarun takarda ba, saboda haka ba dokar ce ta ba shi izini ba. Haɗarin da za a iya jingina wa irin wannan doka kai tsaye wani iri ne: a 2014, ƴan watanni bayan jahar Aidaho ta buɗe tata ƙofar, bindigar wani malami ta tashi cikin aljihunsa yana tsakiyar darasi, ta same shi a ƙafa. Allah ya kiyaye, ba ta samu ɗalibi ba.

Cikin wannan hayaniya aka binne abin da ni nake ganin shi ne ainihin labarin, watau wa ke da ikon cewa a'a. Dokar ta ba jami'o'i masu zaman kansu damar janyewa, kuma kusan dukansu sun janye, har da manya irin su Rice da Baylor. Jami'o'in gwamnati ba a ba su wannan zaɓi ba. An yarda shugabansu ya keɓe wasu wurare, amma an hana shi yin ƙa'idar da za ta zama hani baki ɗaya. William McRaven, tsohon babban hafsan sojan ruwa wanda ya jagoranci aikin kashe Bin Laden a 2011, shi ne shugaban rukunin jami'o'in Teksas a lokacin, kuma ya fito fili ya ƙi dokar. Ba a saurare shi ba. Shugaban jami'ar Ostin, Gregory Fenves, ya ce bai yarda bindiga ta dace da jami'a ba, amma doka ta ɗaure shi, ya bari a shiga aji da ita, ya ba malami damar hana ta cikin ofishinsa na kansa. Ku duba da kyau: mai kuɗin biyan jami'a mai tsada ya samu zaɓi, ɗan talaka da ke ta gwamnati bai samu ba. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

An yi ta maganar malamai za su gudu. Wasu sun tafi lalle, kamar Fritz Steiner, shugaban sashen zanen gine-gine, wanda ya koma jami'ar Pensilbaniya a 2016 ya kuma ambaci dokar cikin dalilansa. Malamai mata uku na Ostin sun kai ƙara a 2016, suna cewa tsoron bindiga zai hana muhawara mai zafi a aji. Alƙali ya kori ƙarar a 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. A kan batun ƴancin magana, dalilin kotu shi ne ba su nuna wata cuta tabbatacciya da ke gab da samunsu ba. Kotu ba ta ce bindiga a aji alheri ce ba, ba ta ce sharri ce ba. Ba a tambaye ta wannan ba.

Saura abu guda, kuma ya shafi masu gyara kuskuren wasu. A 2021 Teksas ta kafa dokar da ta yarda a ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da takardar izini ba, ta fara aiki 1 ga Satumba na shekarar. Wasu suka ɗauka ke nan jami'a ma ta buɗe wa kowa, alhali a can sharaɗin takarda bai faɗi ba. Sai kuma a Agusta 2022 wani alƙalin tarayya a birnin Fort Worth ya soke hanin da aka yi wa ƴan shekara 18 zuwa 20, jahar ta janye ɗaukaka ƙararta, aka fara karɓar buƙatunsu na takarda. Ke nan maganar shekara 21, wadda ita ce amsar da ake ba masu ƙarin gishiri a 2016, ta daina zama cikakkiyar gaskiya, kuma yawan ɗaliban da za su iya neman izini ya ƙaru ƙwarai. Wanda ya haddace gyaran 2016 yana maimaita shi yau, shi ma ya shiga sahun masu kuskure.

Alhaji, in ɗanka ya samu gurbin karatu a Amurka, tambaye shi sunan jahar, sa'an nan ka tambaye shi jami'ar ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. Kowace jami'ar gwamnati a Teksas tana wallafa ƙa'idodinta a kan wannan batu a shafinta na intanet, tana kuma kafa allo a ƙofar wuraren da ta keɓe; ka sa shi ya karanto maka su, ya gaya maka shekarar da aka rubuta su.