Kada a Yanke wa Mace Hukuncin Sankara da Gwajin Jini



Ba zan tsaya bayanin endometiriyosis ba, kun san ta: tsoka irin ta shimfiɗar cikin mahaifa ce ke tsirowa a wajen mahaifa, ta riƙa zubar da jini duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa. Alaƙarta da sankarar ƙwan mace ma tsohon zance ne, tun 1925 likita John Sampson ya yi rubutu a kai.

Rigimata da wasu abokan aiki ita ce yadda muke faɗa wa mace wannan magana. Ta zo da ciwon mara na shekaru, sikanin ya nuna ƙari a ƙwanta, gwajin jini na CA-125 ya haura 35, sai a kira mijinta gefe a ce masa sankara ce. Ita kuwa a bar ta tana karanta fuskokin mutane.

Ku dubi lissafin. Cikin mata ɗari, waɗanda za su gamu da wannan sankara a tsawon rayuwarsu ba su kai biyu ba, kusan 1.3 ne. Ga masu endometiriyosis, ƙiyasin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2017 ya kai kimanin 1.8. Ƙaruwa ce, ban musa ba. Amma mata 98 cikin ɗari ba za su kamu ba, kuma ban cika jin likita ya faɗa wa mace wannan adadi na 98 ba. Za a kawo mini binciken jihar Utah ta Amurka na 2024, wanda ya sami haɗarin ya ninka sau huɗu. Na karanta shi. Ko da shi aka ɗauka, mafi rinjayen matan nan lafiya za su ƙare.

Shi kuma CA-125, endometiriyosis kanta tana ɗaga shi. Ƙarin mahaifa yana ɗaga shi, haila da juna biyu haka. A nan Arewa kuma akwai tarin fuka na cikin ciki, wanda ke tara ruwa, ya ramar da mace, ya ɗaga gwajin, har ya yi kama da sankarar da ta yi nisa, alhali maganin watanni ne ke warkar da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tiyatar gaggawa a ƙananan asibitoci. A fasa ƙarin a cikin ciki, a zubar da abin da aka ciro ba tare da an kai shi ɗakin gwajin tsoka ba. In sankarar ce da gaske, fashewar nan ta ɗaga matakinta, kuma babu wanda zai san irinta.

Don haka duk ƙarin da ake shakka a kansa a tura shi asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. A zaunar da matar ita kanta, a ce mata zato ake yi, a faɗa mata ranar da sakamako zai fito. A tambaye ta batun haihuwa kafin a shiga tiyata, domin tsoron a cire musu mahaifa ne ke mayar da wasu matan wajen masu maganin gargajiya, kuma in an kama sankarar da wuri a mace matashiya, akan iya barin mahaifar da ɗaya ƙwan.